Darasin Shara A Ajin Da Ya Haɗa Kowa

Wadda take tsakar aiki ta ci gaba da abinta, kunne kawai za ki ba ni aro.

Yau maganar shara za mu yi, da yadda ake koyar da ita ga 'yan firamare, musamman a ajin da ya haɗa yara masu lafiya da masu lalura, wato makafi da kurame da guragu da waɗanda fahimtarsu take da nauyi. Wataƙila wata ta ce, to ni da nake cikin kulle, ina ruwana da abin da malami yake yi a aji? Da ruwanki kuwa, 'yar uwa. Duk sharar da take fita daga gidan nan ta hannunki take bi. Ke kike fere doya, ke kike kwance ƙullin leda, ke kike share tsakar gida. Amma fa ba ke kike kai ta bola ba, yaro ne yake ɗauka. Da zarar ya wuce zaure idonki ya bar kansa, abin da ya sani shi kaɗai zai tsare shi. In an koya masa, ya je ya dawo lafiya. In ba a koya masa ba, ya juye a kwata ya kama wasa, ko ya tsaya tonon bola, ya dawo miki da yanka a ƙafa ko tsohuwar allura a aljihu. Yaro mai lalura kuwa haɗarinsa ya ninka. Makaho ba ya ganin fasasshiyar kwalba. Kurma ba ya jin mai ce masa kai, ajiye wannan. Gurgu mai rarrafe da tafin hannunsa yake taka duk abin da muka yar.

Bari mu fara da shi ajin kansa. A da, yaro mai lalura in zai yi boko sai an kai shi makaranta ta musamman, irin ta Tudun Maliki da ke Kano, ko makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato. Makarantun sun yi ƙoƙari, amma ba su da yawa, kuma sun yi wa yawancin mutane nisa. Saboda haka da yawa daga cikin yaran nan a ɗaka suke ƙarewa, wasu kuma a bakin titi wajen bara. A shekarar 1994 wakilan ƙasashe 92 suka taru a garin Salamanka na ƙasar Sifaniya, suka amince cewa makarantar unguwa ta riƙa karɓar kowane yaro, mai lalura da marar lalura, su zauna aji guda. A nan Nijeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. A watan Janairun 2019 kuma aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, har ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, kuma kowace ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da ya koyi kula da irin waɗannan yara. Irin wannan aji shi ake kira ajin haɗaka.

Mun san dai abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Akwai makarantun da aji ya cika ya batse, yara a zaune a ƙasa, malami ɗaya da alli ɗaya. To amma shi darasin shara yana da wani sauƙi da sauran darussa ba su da shi: kayan aikinsa kyauta ne, kuma babu gidan da ba a samunsu. Malamin da ya san abin da yake yi ba ya buƙatar ko sisi.

Ga yadda ake yi. Malama za ta zo aji da kwali uku ko tsofaffin bokitai uku, da buhu ɗauke da shara wadda ta riga ta wanke ta tsince, babu mai kaifi a ciki. Kwali na farko na abin da yake ruɓewa ne: ɓawon ayaba, ɓawon gyaɗa, ganye, totuwar masara, ragowar tuwo. Na biyu na abin da za a sake mora ko a sayar: gwangwani, robar ruwa, tsohon silifas, kwali, tsumma. Na uku na abin haɗari, wanda yaro ba ya taɓawa sai dai ya kira babba. Sai ta riƙa fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya faɗi kwalin da ya dace da shi, ya je ya saka da kansa.

A nan ne dabarar take, domin kowane yaro da ƙofar da ilimi yake shigar masa. Makaho da hannu da kunne da hanci yake karatu. A ba shi gwangwani ya ƙwanƙwasa ya ji ƙararsa, a ba shi roba ya matsa, a ba shi leda ya murza ya ji kwaramniyarta, a ba shi ɓawon lemo ya sansana. Kowane kwali a yi masa alamar da hannu zai gane: na farko a ɗaura masa igiya, na biyu a manna masa marfin kwalba, na uku a sa masa murfi a ɗora dutse. Sannan kada a riƙa canza musu wuri. In yau kwalin yana bayan ƙofa, gobe ma a same shi a bayan ƙofa, don shi makaho da haddar wuri yake tafiya.

Kurma da ido yake ji. Malama ta fuskance shi in za ta yi magana, kada ta juya wa aji baya tana rubutu tana bayani. Ta sa shi a gaba inda haske yake faɗa wa fuskarta. A jikin kowane kwali a liƙa samfurin abin da ake zubawa, ganye a na farko, guntuwar roba a na biyu, jan zane a na uku. In ta iya maganar hannu, madalla. In ba ta iya ba, ta koyi alamu ko da biyar ne daga wajen yaron, ta koya wa aji gaba ɗaya. Za ki sha mamakin yadda yara suke saurin ɗaukar maganar hannu, har su fi malamar.

Gurgu kuma matsalarsa hanya ce da tsayi. A ajiye kwalayen ƙasa-ƙasa inda hannunsa zai kai, a buɗa masa hanya tsakanin bencina. In ana aikin share filin makaranta kada a ce ya zauna gindin bishiya yana kallo. A ba shi littafi ya zama magatakarda, shi zai ƙirga robobin da kowace ƙungiya ta tara ya rubuta. Yaro mai nauyin fahimta a ba shi abu ɗaya a lokaci ɗaya. Yau ledar fiya-wata kawai, ina ake saka ta? Gobe a maimaita, jibi a maimaita, sai ta zauna sannan a ƙara wani. In ya yi daidai a tafa masa. Zabiya a sa shi kusa da allo saboda raunin gani, kuma kada a tsayar da shi shara cikin rana. Mai ciwon asma a nisanta shi da ƙura da hayaƙi, a ba shi aikin bayar da ruwan wanke hannu.

Akwai gwaji biyu da malamai suke yi waɗanda ke ma za ki iya yi a tsakar gidanki. Na farko, a haƙa 'yan ramuka biyu, a binne ɓawon ayaba a ɗaya, leda a ɗaya, a riƙa yayyafa musu ruwa. Bayan wata guda a tone. Ɓawon ya yi baƙi ya fara zama ƙasa, ledar kuwa tana nan yadda aka sa ta. Mai ido ya gani, makaho ya shafa ya ji, kurma bai buƙaci a yi masa dogon bayani ba. Na biyu, a ciro mayen ƙarfe daga lasifikar tsohuwar rediyo. A kara shi a gwangwanin madara, zai kama. A kara shi a gwangwanin lemo, ba zai kama ba, domin wancan ƙarfe ne, wannan alminiyam. Da irin wannan ne masu sayen kayan gwangwan suke rarrabe kayansu, don kowanne da farashinsa.

Kin lura da wani abu? Duk dabarar da aka yi don mai lalura, sauran yaran ma ta amfane su. Yaron da ya riƙe abu a hannunsa ya fi tuna shi a kan wanda ya kwafa daga allo. Alamar da aka liƙa don kurma ita ce za ta taimaki ɗan aji ɗaya da bai iya karatu ba tukuna. Saboda haka uwar da take tsoron cewa zama da makaho ko kurma zai ja wa ɗanta baya, ta kwantar da hankalinta. Ɗanta zai koyi darasin da kyau, ya kuma koyi zama da mutane, ya san yadda ake riƙe hannun makaho a tsallakar da shi kwata ba tare da an ja shi kamar akuya ba.

Yanzu mu dawo kan kwali na uku, don shi ne mai kisa. Me da me ke cikinsa? Tsohuwar reza, allura da sirinji, fasasshiyar kwalba, ƙusa mai tsatsa, mataccen batir, ragowar magani, kwalbar fiya-fiya, da mazubin maganin ɓera ko na feshin gona. Waɗannan malama ita kaɗai take ɗagawa ta nuna. Makaho sai a ba shi sabon sirinji da aka cire wa allura ya shafa, ya san siffarsa, don ran da hannunsa ya faɗa kan irinsa ya sake shi. Doka ɗaya ake so ta zauna a kan kowane yaro: in ka ga wannan, kada ka ɗauka, kira babba.

Mu ma a gida akwai gyara. Jarka ko kwalbar da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki ba ta komawa ta ruwan sha ko ta man gyaɗa, ko sau nawa aka wanke ta. A huda ta yadda ba wanda zai sake amfani da ita. Tsohon batirin mota ko na babur ko na sola kuwa akwai dalma da ruwan batir mai ƙuna a cikinsa, kada a bar shi a tsakar gida, kada a fasa shi inda yara suke wasa. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara wajen 400. A can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe suka kai ta baki. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan dalmar. Kin ga ashe wata lalurar ma daga abin da aka yi sakaci da shi a tsakar gida take farawa.

Shi kuma kwali na biyu, wato sake sarrafa shara, kada ki ɗauka baƙon ilimi ne da aka kawo mana daga Turai. Iyayenmu ba su san zubar da abu ba. Dusa ta awaki ce, ƙanzo a jiƙa a ci ko a ba kaji, toka a wanke tukunya, tsumma a cusa matashi, gwangwani ya zama aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi, tsohon tif na mota ya zama guga. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna shigowa birni da jakuna da mangala suna kwasar juji suna kaiwa gona a matsayin taki. Je ki tambayi wanda ya san kasuwar Panteka a Kaduna, zai gaya miki yadda tsohon ƙarfe yake komawa murhu da kasko da akwati. Tukunyar alminiyam da kike tuƙa tuwo a ciki, wataƙila jiya gwangwanayen lemo ce. A Sabon Yelwa kusa da Kaduna har gida aka gina da robobin ruwa da aka ɗura wa yashi. Malamin kirki daga nan yake farawa, ya tambayi yara, a gidanku me ake yi da dusa? A nan ɗan da ake ganin ba ya ja a aji sai ya ɗaga hannu, don wannan ya san shi.

Abin da ya zo mana sabo shi ne leda. Da a ganye ake ƙulla alala da daddawa, a kwano ake sayo ƙosai. Ganye in an yar ya ruɓe, ita kuwa leda tana nan shekara da shekaru. Ita take toshe kwata, ruwan damina ya rasa hanya ya shigo gidaje ya ci gindin katanga. Inda ruwa ya kwanta nan sauro yake hayayyafa, inda ƙazanta ta taru nan ƙuda yake tashi ya sauka a abincin yara, sai amai da gudawa. Tunkiyar da kika sha wahalar kiwo ta haɗiyi leda, ta yi ta rama kina ba ta abinci, sai an yanka a tarar da dunƙulen leda a tumbinta. Saboda irin wannan ɓarna ƙasar Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu kuwa har hura gawayi muke yi da ita. Don Allah 'yan uwa mu bar wannan. Hayaƙin leda guba ne, ke kike durƙushe a kansa, ga goyo a bayanki yana shaƙa. Kara da tsinke da ɓawon rake duk suna kama wuta.

To mene ne naki a cikin wannan darasi? Malami yana tare da yaro na 'yan sa'o'i, ke kuwa kina tare da shi safe da dare. In ya dawo ya ce Umma, an ce mu raba shara gida uku, kada ki ce kai tafi can da iyayinka. Nemo masa tsohon bokiti da buhu da gwangwani mai murfi. Bokiti na mai ruɓewa, a kai wa dabbobi ko a tara a yi taki. Buhu na kayan sayarwa, in mai jari-bola ya zo ƙofar gida a sayar, kuɗin ya shiga asusun yaron na fensir da littafi. Gwangwani mai murfi na reza da allura da kwalba, wannan a hannunki zai zauna, a sama inda yaro ba ya kaiwa, in ya cika maigida ko wani babba ya fitar. Kashin yara a masai ake zubawa. Famfas da audugar mata a ƙulle su tam kafin su shiga shara.

In za ki aiki yaro bola, ki ɗaure bakin sharar, ki ba shi daidai ƙarfinsa, ya sa takalmi, kuma da sauran haske. Ki faɗa masa inda zai zuba, ban da kwata, ban da kangon maƙwabta. In ya dawo ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, in babu sabulu ko toka ce a cuɗa. 'Yar da take fita da talla ki ba ta kwano mai murfi, ki rage mata ƙulle-ƙullen leda.

Ke kuma da Allah ya ba ki ɗa mai lalura, da ke nake musamman. Tausayi yakan sa mu ce bar shi, ba zai iya ba, sai mu hana shi komai, ya tashi yana jin shi kaya ne a gidan. Hausawa sun ce babu naƙasasshe sai kasasshe. Ba shi aikinsa. Makaho zai iya ware roba daga gwangwani yana zaune a tabarma, ya fi mai ido ma natsuwa. Kurma zai iya zuwa bola tare da ɗan uwansa, in kin nuna masa hanya da abin da zai kiyaye. Gurgu ya riƙe lissafin asusu. Sauran 'yan gida kuma su san cewa saboda ɗan uwansu ba a barin wuƙa ko garwashi ko ruwan wanke-wanke a kan hanya. Sannan uwa-uba, ki tura shi makaranta. Ɓoye shi a ɗaka ba gata ba ne.

Wata za ta ce, ni da ba na fita, ta yaya muryata za ta kai makaranta? Hanyoyi suna da yawa. Maigida yana zuwa taron iyaye da malamai, ki ba shi saƙo. Makarantu da dama suna da kwamitin unguwa mai kula da su, kuma akwai kujerar mata a ciki, ki nemi wadda take wakiltarku. Akwai malama a unguwa da za ku haɗu a gidan suna ko a Islamiyya. Ko 'yar takarda ce ki ba yaro ya kai. Abin da za ki tambaya kaɗan ne: ina ake zuba sharar makaranta, ana ƙona ta kusa da aji? Akwai ruwan wanke hannu? Ɗana mai lalura ana sa shi cikin aiki tare da 'yan uwansa? Ki kuma roƙi malamai abu biyu. Kada a mai da tsintar shara bulalar mai laifi ko mai makara, don yaron da aka hora da ita zai tashi yana ganin tsafta wulaƙanci ce. Kada kuma a bar wa 'yan mata tsintsiya su kaɗai, maza suna ƙwallo.

Sai gargaɗi ɗaya kafin lokaci ya ƙure mana. Yaro in ya ɗanɗana kuɗin gwangwani, wani sai ya fara gudun makaranta yana bin bola da buhu, wani ma har ya fara ɗauke murfin tukunyarki ya kai sikeli. Ki sa ido. Abin da aka tara a gida shi za a sayar, a ƙofar gida, da saninki. Bola ba wurin yaro ba ne.

Ga ɗan aikin da zan bar mu da shi. A wannan mako kowace ta tanadi mazubai ukun nan, ta tara 'ya'yanta duka, har da wanda aka saba cewa ya zauna, ta binne ɓawon ayaba da leda tare da su. In ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ta zagayo, maza suna yashe kwata a waje, ku kuma ku tone ramukanku a ciki, ki bar yaran su gaya miki abin da suka samu.

A nan zan dakata. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa malaman 'ya'yanmu da alheri. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya, wassalamu alaikum.